Daga Tiga Zuwa Fawa-fak: Tarihin Wutar da Ke Shiga Kwamfutar Wasa a Rano da Kibiya

Matashin da ya tashi haɗa kwamfutar wasa da hannunsa a Rano ko Kibiya yakan fara lissafi ne daga katin hoto. Shi ne mafi tsada, shi abokai za su fara tambaya, shi ne kuma ke yanke hukuncin ko wasan ƙwallo zai gudana sumul ko zai riƙa sarƙewa. Daga nan sai furosesa, sai babban allon da ake dasa komai a kansa, sai ma'adanar bayanai. Abin da ya rage a aljihu, in ya rage, da shi ake sayen akwatin wuta, wato ɗan akwatin ƙarfen nan mai fanka da tarin wayoyi wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Wasu ma ba sa saye. Wanda suka ciro daga tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo suke ɗorawa.

A ƙasar da wutarta ke zuwa daidai, irin wannan sakaci na iya wucewa ba a ji ba. A kudancin Kano kuwa yana iya cinye tarin shekara guda cikin ƙiftawar ido, domin akwatin nan shi ne ƙofa ɗaya tilo da wuta ke bi ta shiga kwamfuta. Duk abin da ya faru a kan waya, tun daga tashar samar da lantarki har zuwa taransifomar unguwa, shi zai fara tarba. Saboda haka kafin a tambayi wat nawa za a saya, akwai tambayar da ta riga ta: wace irin wuta ce ke fitowa daga bangon ɗakin, kuma me ya sa ta zama haka? Amsar tana cikin tarihi guda biyu, na lantarkin Kano da na akwatin kansa.

Wuta iri biyu

Lantarki yana tafiya ta hanya biyu. Akwai mai tafiya miƙe, irin wanda ke fita daga batir, akwai kuma mai kaiwa da komowa, wanda ke sauya alkibla sau da yawa cikin daƙiƙa guda. A shekarar 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin New York na Amurka da wuta miƙaƙƙiya, amma wutar ba ta iya yin nisa ba tare da ta yi rauni ba. George Westinghouse, da taimakon ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya rungumi mai kaiwa da komowa, domin taransifoma na iya ɗaga ƙarfinta a kai ta nesa, sannan a sauke shi a ƙofar gida. A 1896 aka ja wuta daga magangarar ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo, kuma daga nan duniya ta bi wannan tafarki.

Nijeriya ta gaji tsarin Ingila: bolt 230 a gida, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. To amma sassan kwamfuta ba sa shan irin wannan wuta. Miƙaƙƙiya suke so, mai ƙaramin ƙarfi, bolt 12 da 5 da 3.3, kuma ba sa jure tangal-tangal. Aikin fawa-fak kenan: ya karɓi wutar bango ko ta yaya ta zo, ya tace ta, ya miƙar da ita, ya rarraba wa kowane sashe daidai rabonsa.

Yadda lantarki ya iso Kano

Legas ce ta fara ganin fitilar lantarki a Nijeriya, a 1896 kamar yadda aka fi ambata. A 1929 kamfanin NESCO ya fara aikin samar da wuta daga ruwa a tsaunukan Jos domin masu haƙar kuza. Birnin Kano ya samu nasa rabon a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da Hukumar Gargajiya ta kafa aikin ruwan famfo da na lantarki tare. Wannan wuta ta birni ce, ta fada da asibiti da ofisoshi da manyan tituna. Garuruwan karkara sun ci gaba da aci-bal-bal da fitilar ƙwai har tsawon shekaru masu yawa.

A farkon shekarun 1950 aka tattara harkar a hannun hukumar ECN. A 1962 aka kafa hukumar kula da madatsun Kogin Kwara, wadda ta gina Kainji aka buɗe a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu aka haifi NEPA, sunan da har yau yara ke ihu da shi in an kawo wuta, ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta mayar da ita PHCN, sannan a ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO.

Abin da bai sauya ba a duk wannan sauyin suna shi ne nisa. Wutar da Kano ke sha ana samar da ita ne a wurare masu nisa, irin su Kainji da Jebba da Shiroro da tasoshin iskar gas na kudu. Tana tahowa a kan manyan wayoyi masu bolt 330,000, ta ratsa Mando a Kaduna, ta sauka a Kumbotso. Daga nan ake rage mata ƙarfi mataki-mataki, 132,000 zuwa 33,000 zuwa 11,000, har ta isa taransifomar unguwa. Garuruwa irin Rano da Kibiya suna can wajen ƙarshen wannan sarƙa, kuma ƙa'idar kimiyya ce cewa tsawon waya da yawan masu ja suna rage ƙarfin wuta. Shi ya sa mutanen karkara suka san wani hali da ke tsakanin an kawo da an ɗauke: ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci.

Raunin wannan sarƙa ya fito fili a Oktoban 2024. Bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin da ke ɗauko wuta ta hanyar Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohin arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Abin da ya sa labarin Rano ya fi ɗaukar hankali shi ne ruwan da ke kusa da ita. Rano tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda tarihin baka ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba saboda rini. A gefen ƙasarta, wajen iyaka da Bebeji, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, lokacin da fari ke addabar yankin Sahel. Tafkin yana riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga nan babbar magudana ke kai shi Ruwan Kanya, ya wuce gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da shinkafa da alkama suka sauya rayuwar manoma.

An gina Tiga ne domin noma da ruwan sha, kuma ta yi wannan aiki. Amma ruwan da ake saki daga madatsa yana iya juya injin lantarki kafin ya isa gona, kuma wannan dama ta kwanta kusan shekara 40. Sai a zango na biyu na gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka ba da aikin tashar lantarki a Tiga da kuma Challawa Goje. Aikin ya ja kusan shekara 10, ya ƙetara zuwa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, kuma ƙarfin tashar Tiga ya tsaya a megawat 10. An tsara wutar ne musamman domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birnin Kano.

Megawat 10 wat miliyan 10 ne. Ga jihar da ke da mutane miliyoyi da masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, wannan tamkar ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishirwa. Darasin da ke ciki ga mai haɗa kwamfuta a Kibiya mai sauƙi ne: kusanci da madatsa bai ba shi tsayayyiyar wuta ba. Kwamfutarsa za ta sha daga rijiya uku, ta KEDCO in an kawo, ta janareta, da ta batir da inbata mai caji da hasken rana. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya tura mutane da yawa daga ta biyu zuwa ta uku. Kowace rijiya da irin ruwanta, kuma akwati ɗaya ne zai sha duka.

Tarihin akwatin

Na'urorin farko suna sauke ƙarfin wuta ne da ƙatuwar taransifoma mai nauyi, wadda ke zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi. Sauyi ya zo da fasahar da ke yanka wuta tana haɗawa dubban sau a daƙiƙa, abin da ya ba da damar amfani da ƙaramar taransifoma. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana cikin na gida na farko da suka yi fice da irin wannan akwati, wanda injiniya Rod Holt ya tsara. Kwamfutar IBM ta 1981, kakar mafi yawan kwamfutocin tebur na yau, tana da akwati mai wat 63.5 kacal.

A 1995 kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya daidaita girman akwati da siffar filogi da irin wutar da zai bayar. Wannan ma'auni ne ya sa yau matashi zai iya sayen allo daga wani kamfani, kati daga wani, akwati daga wani, su dace da juna. Yayin da furosesa da katin hoto suka ƙara ƙishirwa, nauyin aiki ya koma kan layin bolt 12. Tsohon akwatin ofis da aka ƙera domin rubutu da lissafi ba shi da wannan ƙarfi, sau da yawa ma ba shi da filogin katin hoto.

Tsakanin wajen 1999 da 2007 duniyar kwamfuta ta sha fama da annobar kafasito, wato ƙananan gwangwanayen da ke riƙe wuta suna daidaita ta. An ƙera miliyoyinsu da gurɓataccen ruwan sinadari, suka riƙa kumbura suna fashewa tun kafin lokacinsu. Daga nan masu saye suka koyi cewa ingancin abin da ke cikin akwati ya fi lambar da ke jikinsa muhimmanci. A 2004 aka ɓullo da shaidar 80 Plus, wadda ke tabbatar da cewa akwati yana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja, sauran ne ke tafiya a zafi. Daga baya aka ƙara matakai irin su Bronze da Gold da Platinum. A 2022 kuma ma'aunin ATX 3.0 ya fito da sabon filogi mai ɗaukar wat 600, tare da sharaɗin cewa akwati ya jure fizgar wuta ta ɗan lokaci kaɗan da ta ninka ƙarfinsa, domin katunan zamani sukan yi irin wannan fizga.

Dukkan waɗannan ma'aunai an rubuta su ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta motsi. Mai saye a kudancin Kano sai ya karanta su da idon garinsu.

Abin da tarihin ke koya wa mai saye

Abu na farko da zai duba shi ne rubutun da ke gefen akwati game da wutar da yake karɓa. Wasu an rubuta musu 200 zuwa 240, wasu 100 zuwa 240. Na biyun sun fi dacewa da gari mai raunin wuta, domin suna ci gaba da aiki ko da ƙarfin ya sauka ƙasa sosai. Dalilin yana cikin lissafi: kwamfutar da ke jan wat 460 tana buƙatar amfiya 2 a bolt 230, amma in wuta ta faɗi zuwa 150 sai ta ja kusan amfiya 3. Ƙarin nan zafi ne a cikin akwati, kuma wanda ba a gina shi domin haka ba zai mutu ko ya ƙone.

Na biyu shi ne yawan wat, inda aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Katin RTX 3060, wanda ake yawan samu a kasuwar na hannu, yana jan wat 170, kuma kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwati mai wat 550 ga kwamfutar da ke ɗauke da shi. RTX 4060 yana jan kusan 115. Babban kati irin RTX 4090 yana jan 450, ana so a ba shi akwati mai 850. Ga mafi yawan masu haɗa matsakaiciyar kwamfuta, akwati nagari mai wat 550 zuwa 650 ya wadatar. Sayen mai 1,000 ɓarnar kuɗi ne, sayen marar suna da aka buga wa 700 a jiki kuma kasada ce, domin lambar da ta dace a karanta ita ce ta layin bolt 12. In an ninka amfiyar da aka rubuta a wurin da 12, a nan ake ganin ƙarfin gaskiya. Akwatin da ya yi sakayau a hannu, babu nauyi, shi ma abin zargi ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na uku zafi ne da ƙura. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Akwatuna nagari ana gwada ƙarfinsu a digiri 40 ko 50, marasa kyau kuwa a 25, yanayin da ba ya samuwa a Rano da rana a bazara. Kafasito mai jure digiri 105 ya fi mai 85 daɗewa, kuma injiniyoyi suna da ƙiyasin cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa. Hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da ke toshe fanka. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa da hure ƙurar lokaci-lokaci ba sa cin ko kwabo.

Na huɗu shi ne jituwa da inbata da janareta. Inbata iri biyu ce: mai fitar da wuta mai lanƙwasa sumul irin ta layi, da mai araha wadda wutarta ke hawa da sauka kamar matakala. Akwatunan zamani da yawa ba sa jituwa da ta biyun. Wasu su yi ƙugi, wasu su kashe kwamfuta a daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Haka nan ma'aunin ATX, kafin gyaran da aka yi masa a 2023, ya tanadi cewa akwati ya riƙe wuta na kusan kashi 16 zuwa 17 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan an yanke, domin UPS ko inbata su samu damar karɓa. Akwati marar inganci ba ya kai wannan, sai wasa ya mutu ana tsakiyar bugun fanareti. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai kuwa, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kuma wutarsa na hawa da sauka duk lokacin da aka kunna wani abu.

Na biyar shi ne tattalin wuta, wanda a nan ya wuce maganar kuɗin mita. A ɗauka kwamfuta tana buƙatar wat 400. Akwati mai isar da kashi 80 zai ja 500 daga bango, mai kashi 90 kuma zai ja kusan 444. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabin kawai ake so a sha in ana son ya daɗe. Da wannan rabin, akwatin farko zai ba da kusan awa 2 da minti 24, na biyu kusan awa 2 da minti 42, kafin a cire abin da inbata da allon kallo ke ci. Minti 18 a kowane dare, ga mai gidan wasa da yara ke biya da awa, kuɗi ne.

Na ƙarshe shi ne sanin iyakar akwatin. Nagari yana da kariya daga wuce ƙima da haɗuwar waya da zafi, yana kashe kansa maimakon ya tura wa katin hoto wutar da za ta ƙona shi. Amma akwai abin da ya fi ƙarfin kowane akwati. Idan wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, gida na iya samun wutar da ta doshi bolt 400. Tsawa a damina ma tana bin waya. Maganin waɗannan yana wajen kwamfuta: sitabilaiza ko na'urar da ke yanke wuta in ta wuce ƙima, wayar ƙasa da aka binne yadda ya kamata, da al'adar zare filogi in hadari ya taso. Kuma kada a kuskura a buɗe akwatin da sunan gyara, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Kasuwa da abin da ke tafe

Mai saye daga Rano ko Kibiya yakan shiga Kano ne, wajen titin Beirut da kewayensa, ko ya yi oda daga Ikeja a Legas. Katin hoto na hannu ana iya gwada shi a gani da ido, amma gajiyar akwatin wuta ba ta bayyana a gwajin minti biyar a shago. Tana fitowa ne bayan awa biyu ana wasa cikin zafi. Wannan ne dalilin da ya sa, in dole sai an sayi abu ɗaya sabo a cikin kwamfutar, akwatin ya fi cancanta, da rasit da garanti. Rage mataki ɗaya a katin hoto domin a biya kuɗin akwati nagari da na'urar kariya ya fi a sayi babban kati a jingina shi da ƙofar da ba ta da sakata.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma a Janairun wannan shekarar aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 10 a yankin Kumbotso. Faranten sola na ƙara bayyana a kan rufin shaguna da gidaje a garuruwan kudancin Kano. Mai yiwuwa wata rana ruwan Tiga da ranar bazara su ba Rano da Kibiya wutar da ba ta rawa. Kafin zuwan ranar, matashin da ya baje sassan kwamfutarsa a kan tabarma zai fi samun kwanciyar hankali idan ya fara da aron mitar awon wuta daga mai gyaran wayarin na unguwa, ya auna soket ɗin ɗakinsa da safe da kuma bayan magariba, sannan ya shiga mota zuwa Kano.